Fita da 'yan nazare cikin bishiyoyi: yaya ake yi?

Tambaya: Ina koyar da yara 'yan shekara 3 zuwa 5. Bayan makarantarmu akwai fili mai mangwaro da darbejiya da tsamiya. Na ji a Turai akwai makarantun da yara ke wuni a daji. Mu ma za mu iya, ko ganganci ne?

Amsa: Malama, za ku iya. A Denmark aka fara abin a shekarun 1950. Jamus ta amince da irin wannan makaranta a hukumance a Flensburg a 1993, a shekarar ce kuma malaman kwalejin Bridgwater suka je Denmark suka gani, suka kai tsarin Ingila. Ba sai da ƙungurmin daji ba. Abin da ake so shi ne a riƙa komawa wuri ɗaya kowane mako, rani da damina, kuma yaro ya zaɓi wasansa da kansa. Yawancin masu farawa a nan suke kuskure: sai su kwashi allo da alli su maida gindin bishiya aji. Ki bar su su jera 'ya'yan darbejiya, su kwaɓa laka, su bi layin tururuwa. Ƙirga da sababbin kalmomi za su shigo ta nan.

Aikinki shi ne kawar da haɗarin da yaro ba ya gani. Kafin kowace fita, babba ya zagaya wurin da doguwar sanda da takalmi rufaffe. A share doguwar ciyawa, a kwashe tarin itace da duwatsu, don nan kububuwa da kunama ke fakewa. A ɗaga kai a duba busasshen reshe da gidan rina ko zuma. Tsirrai huɗu kuwa a tumɓuke su gaba ɗaya: zurman, bini da zugu, zaƙami da tumfafiya. Ukun farko 'ya'yansu guba ne, kuma na bini da zugu ba su da ɗacin da zai sa yaro ya tofar. Tumfafiya kuwa ruwanta na illa ga ido. Kududdufi a bar shi can waje da iyakar wurin wasa, saboda nutsewa da tsargiya.

A ɗaura jan ƙyalle a bishiyoyin iyaka. Babba ɗaya ga yara huɗu ko biyar, kada kuma manya su gaza biyu. A ƙirga yaran wajen fita, da tsakiyar wasa, da wajen dawowa. Awa ɗaya da hantsi ta isa da farko. Ku riƙe ruwan sha, sabulu, akwatin taimakon gaggawa da waya mai caji. Hadari ya taso, a koma aji nan take, gindin bishiya ba mafaka ba ne in ana tsawa.

Hawan bishiya ba laifi, amma kada a ɗora yaro kan reshen da bai hau da kansa ba, domin wanda aka ɗora ba ya sanin hanyar sauka. Kada ya wuce inda hannun babba zai kai.

In maciji ya sari yaro, Allah Ya kiyaye, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Tun kafin fitar farko ki binciki asibitin da ke ajiye allurar dafin maciji a kusa da ku, ki kuma karɓi amincewar iyaye a rubuce.