Shin matatar ruwa ta "nano" tana kashe ƙwayoyin cuta?

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da tallar wata matatar ruwa a wayata, an ce an yi ta da fasahar nano, tana tace ruwan rijiya ta kuma kashe ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne ko dabarar 'yan kasuwa ce?

Amsa: Fasahar gaskiya ce, amma tacewa daban, kashewa daban, kuma masu talla sun fi son a ɗauke su abu ɗaya.

A cikin irin wannan matata akwai wata siririyar fata mai ƙofofi da ake auna su da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ƙwayar cutar kwalara takan haura nanomita 1,000 a tsayi, ita kuwa bairos ɗin ciwon hanta nau'in A girmanta kusan nanomita 30 ne kacal. Saboda haka matatar da faɗin ƙofofinta ya kai nanomita 200, irin wadda ake yawan sayarwa, za ta tare ta farko, ta biyun kuma ta wuce salin alin.

Aikin kashewa kuwa, galibi ƙurar azurfa ake shafa wa fatar. Azurfar tana narkewa kaɗan-kaɗan, ta lalata ɓawon bakteriya, sai dai a ganina babban amfaninta shi ne hana ƙwayoyin da suka maƙale su hayayyafa har su toshe matatar, domin ruwan da ke wucewa da sauri ba ya daɗewa tare da ita. Tun da narkewa take yi, ƙarfinta yana raguwa, don haka dole ne a riƙa sauya fatar a lokacin da kamfanin ya ƙayyade. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jiki yana iya jure miligiram 0.1 na azurfa a kowace litar ruwan sha.

Idan ka ga an ambaci girafin a tallar, wato wani siririn shafi na sinadarin kabon, ka yi hattara. Masana a Jami'ar Manchesta da ke Ingila sun nuna a 2017 cewa fatar girafin tana iya raba gishiri da ruwa, amma mafi yawan wannan aiki har yanzu a ɗakin gwaji yake.

Kafin ka saya, ka nemi faɗin ƙofofin a rubuce, da takardar gwaji daga wata hukuma da ba ta kamfanin ba. Ka kuma sani cewa azurfa ba ta cire gubar dalma, irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, don haka rijiyar da ke kusa da wurin haƙar ma'adinai sai an kai ruwanta an auna tukuna.