Inda gibin abin sha yake fitowa

Ka tambaye ni, yarona, me ya sa duk ƙarshen mako kayan da suka fita daga sito ba sa yin daidai da kuɗin da ya shiga akwati, alhali ba ka ga wanda ya ɗauki ko kwalba ɗaya ba. Kada ka yi saurin zargin abokan aikinka. Sau da yawa gibin mashaya da gidan abinci daga hannun mai zubawa yake fitowa, kaɗan-kaɗan, sai kuma abin da ya fita ba a rubuta ba.

Ɗauki kwalba mai mililita 750. In awon gidanku mililita 30 ne, kwalbar za ta ba da awo 25 cif. To, a ce mai zubawa yana ƙara mililita 5 a kowane kofi, abin da ido ba zai ma gani ba. Awonsa ya zama 35 ke nan, kwalbar kuma ta ƙare a kofi na 21 da ɗan ɗigo. Kusan awo huɗu sun tafi a kwalba guda, wato wajen kashi 14 cikin ɗari. Ninka wannan da yawan kwalaben da ake buɗewa a mako, za ka ga inda ribar ta shiga.

Saboda haka ma'auni dole ne. Ɗan kofin ƙarfen nan mai baki biyu, ka riƙe shi a miƙe, kusa da kofin baƙo, ka cika shi har baki sannan ka juye. Mai karkata shi yana rage wa baƙo. Mai barin kwalba ta ci gaba da zuba bayan ya juye yana yi wa baƙo gyara daga aljihun maigida. Akwai masu zubawa da ƙidaya a zuci ta bututun da ake sa wa bakin kwalba, kuma a ganina ba aikin ɗan koyo ba ne. Ƙidayar tana yaudara: abu mai kauri da sukari ya fi jinkirin fita, kuma bututun yana da ɗan ramin shigar iska wanda in sukari ya toshe shi sai ruwan ya riƙa fita da tsalle. A cire bututan kullum bayan an tashi, a jiƙa su a ruwan ɗumi. Wanda ya nace shi hannunsa ma'auni ne, cika masa kwalba da ruwa, ya zuba sau goma, ka auna kowanne.

Injin lemo mai haɗa ruwan zaƙi da ruwa da iskar gas shi ma yana cin riba shiru. Yawanci ana saita shi kashi biyar ruwa, kashi ɗaya ruwan zaƙi, don haka jakar ruwan zaƙi mai lita 10 ya kamata ta ba da lita 60 na lemo. In ta ƙare da wuri, saitin ya goce, a kira mai gyara ya auna. Abin da ake zubawa daga ganga, wato babbar tukunyar ƙarfe ta abin sha da ake haɗawa da famfo ta tiyo, kuwa, kumfa ce abokiyar gabarsa. In gangar ta yi ɗumi, ko an girgiza ta aka haɗa nan take, ko tiyon ya yi datti, rabin kofi zai zama kumfa, mai zubawa ya zubar ya sake. Ka duba farantin da ke ƙarƙashin famfo kowane dare, ka auna abin da ya taru a ciki. Af, tukwanen gas ɗin a ɗaure su a tsaye, kuma ɗakin ya samu iska, domin wannan gas na abin sha, wato carbon dioxide, ba shi da wari, ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo a rufaffen ɗaki yana kisa.

Lissafin sito kuma ƙafa huɗu gare shi. Abin da ka kwana da shi a farkon mako, haɗa da abin da aka kawo, cire abin da ya rage, amsar ita ce abin da aka yi amfani da shi. Ka fara da kwalba 12, aka kawo 24, ka ƙirga 10 sun rage: 26 sun fita. Rasit ya ce an sayar da 23. Ukun nan su ake kira gibi, kuma su za ka bi. Ka yi wannan ga kowane irin abin sha daban. In ka cakuɗa su wuri ɗaya, rarar wani za ta rufe gibin wani.

Ƙidayar kayan sito ita ma tana da ƙa'ida. A yi ta rana ɗaya, lokaci ɗaya, kafin a buɗe ko bayan an rufe, ba a ƙirga kaya ana ciniki. Mutum biyu, ɗaya na faɗa ɗaya na rubutawa, kuma takardar ta bi yadda kaya ke jere a kan kanta daga hagu zuwa dama, sama zuwa ƙasa, har firiji, don kada a tsallake. A buɗe katan a gani, kada a yarda da rubutun jikinsa.

Kwalaben da aka fara su ne masu wahala. Wasu na raba kwalbar gida goma da ido, amma kwalba mai ƙugu ko faffaɗar kafaɗa tana ruɗar ido. Sikeli ya fi. Rubuta nauyin kwalbar tana cike da nauyinta ba komai, sau ɗaya tak. A ce cike giram 1,200 ce, wofi 500, abin ciki 700 ke nan. Yau ta nuna 780: cire 500, saura 280, raba da 700, ka samu kashi huɗu cikin goma, wato awo 10 daga cikin 25. Ka tuna ka cire bututun kafin ka ɗora.

Sai littafin asara, wanda kowa ke ƙyashin cikawa. Kwalba ta fashe, baƙo ya mayar da kofi, maigida ya ce a ba wane kyauta, ma'aikaci ya sha: a rubuta nan take, da lokaci da sa hannu. In ana tsawata wa duk wanda ya rubuta ɓari, za su daina rubutawa, kai kuma ka rasa bakin zaren.

Ranar karɓar kaya, ƙirga kafin ka sa hannu, ka duba girman kwalba, domin mai 700 da mai 750 kamarsu ɗaya. Sabo ya koma baya, tsoho ya dawo gaba. Makullin sito hannu ɗaya, kuma ba a fitar da cikakkiya sai an dawo da wofinta. In ka tsare duk wannan har mako biyu ko uku amma gibi ya nace a abu ɗaya, ka riƙa ƙirga shi a ƙarshen kowane canjin aiki har ka ga a wane lokaci yake ɓacewa, sannan ka kai wa maigida takardar.