Tambaya da Amsa: Me ya sa har yanzu ake sayar da injin barcin da ba ya ajiye bayani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Maigidana ne aka yi masa gwaji aka ce numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ga minshari ba a magana, sai aka rubuta masa injin CPAP. Da muka zo saye sai muka tarar kala biyu ne, ɗaya yana rikodin yadda barcin ya kasance, ɗayan iska kawai yake hurawa. To in mai rikodin ya fi, me ya hana kamfanoni su daina yin wancan?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Maganar gaskiya wajen aikin magani duka biyun abu ɗaya suke yi, iska ce ake turawa ta takunkumin fuska ta riƙe maƙogwaro a buɗe kar ya rufta. Haka likita Colin Sullivan ya fito da abin a Ostareliya a 1981, babu katin ajiye bayani babu intanet, kuma ya yi aiki.

Sai dai sirrin yana wajen mai biyan kuɗi. A Amurka misali, inshora na biyan dillali da lamba ɗaya ce, E0601, ko ya ba ka mai araha ko mai tsada kuɗin da zai karɓa bai canja ba, to kinga kuwa wanda ya fi sauƙi zai miƙo maka ya soke rarar a aljihu. Ita ma inshorar ba ta neman cikakken bayanin barci daga injin, abin da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, ke nema ya nuna shi ne an kunna injin aƙalla awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare 30 a jere, cikin wata ukun farko. Ƙirga awanni kuwa ko ƙaramin injin yana yi. Sannan akwai masu saye da kuɗin aljihunsu, akwai kuma waɗanda sam ba sa so kamfani ya riƙa leƙen barcinsu.

Amma ni dai in za ki ji shawarata, in da hali ku ɗauki mai rikodin. Dalili, ƙarfin iskar ana saita shi ne tsakanin 4 zuwa 20 a ma'aunin injin, kuma abin da ya dace da mutum yau ba lallai ya dace da shi baɗi ba, ya ƙara ƙiba ko ya rame ko ya koma kwanciya rigingine. Mai rikodin zai nuna sau nawa numfashin ya tsaya ko ya ragu a awa guda, wato AHI, ana so ya sauka ƙasa da 5, zai kuma tona in iska na zurarewa ta gefen takunkumin. Ki ɗauka maigida ya yi awa 7 da injin amma ya tashi da ciwon kai yana gyangyaɗi da rana, da ƙaramin injin likita sai dai ya yi ta canka, ko ya sake tura shi gwajin barci, kuɗin da aka so a tsimi ya tafi can.

Kuma ku kula da suna, don kamfani ɗaya kan fitar da su jiki iri ɗaya. A jerin AirSense 10 na ResMed, mai suna CPAP zalla bayaninsa taƙaitacce ne, Elite da AutoSet su ne ke ba da cikakke. Kar ku tsaya a "yana da kati?", ku ce a nuna muku AHI da yoyon iska a allon kafin ku biya.