Shin ya kamata a janye wa Cocin Scientology gatan rashin biyan haraji a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na saurari hirarraki da wasu tsofaffin mabiyan Scientology a Amurka, suna ba da labarin yadda aka tatse musu dukiya, aka kuma raba su da danginsu bayan sun fice. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne an ce gwamnatin Amurka ba ta karɓar haraji daga wannan ƙungiya, domin ta ɗauke ta a matsayin addini. Me ya hana a janye mata wannan gata, kuma kai a ganinka ya kamata a janye?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka tana bisa hanya, domin gatan da kake magana a kai ya shafi kuɗin jama'a. A ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar harajin tarayyar Amurka, ƙungiyar da aka kafa domin addini ko agaji ko ilimi ba ta biyan haraji a kan kuɗin da take samu ta hanyar aikinta, sannan wanda ya ba ta gudummawa yana iya cire abin da ya bayar daga kuɗin shigarsa kafin a lissafa masa nasa harajin. Jihohi kuma sukan ɗauke wa wuraren ibada harajin gine-gine da filaye, abin da Kotun Ƙoli ta amince da shi a shari'ar Walz a 1970. Duk dalar da baitulmali ya haƙura da ita ta wannan hanya, sauran masu biyan haraji ne ke cike giɓinta, saboda haka suna da haƙƙin su tambayi wanda ake yi wa wannan alfarma.

Sai dai dokar ba ta auna ƙungiya da kyawun aƙidarta ko muninta. Tun a 1944, a shari'ar Ballard, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba hurumin kotu ba ne ta tantance ko abin da mutum ya yi imani da shi gaskiya ne ko ƙarya. Abin da hukumar haraji ta tarayya, wato IRS, take dubawa shi ne aikin ƙungiya: kada kuɗinta ya riƙa zurarewa cikin aljihun shugabanninta, kada ta shiga yaƙin neman zaɓe don goyon bayan wani ɗan takara ko adawa da shi, kuma kada ayyukanta su ginu a kan karya doka. An sha ganin yadda waɗannan sharuɗɗa ke aiki. Kwana huɗu kafin zaɓen shugaban ƙasa na 1992, wani coci a jihar New York ya sayi cikakken shafi a jaridun USA Today da Washington Times yana gargaɗin Kiristoci a kan zaɓen Bill Clinton, kuma a ƙasan shafin ya rubuta cewa yana maraba da gudummawar da za a cire daga haraji domin biyan kuɗin tallan. A 1995 aka janye masa gatan, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a 2000. Mafi shahara kuma ita ce shari'ar Jami'ar Bob Jones, wadda ta haramta wa ɗalibanta soyayya da aure tsakanin farar fata da baƙar fata, tana mai cewa addininta ne ya koyar da haka. A 1983 alƙalai takwas cikin tara na Kotun Ƙoli suka yanke cewa jami'ar tana da 'yancin riƙe aƙidarta, amma ba za ta ci moriyar rangwamen haraji ba alhali tana saɓa wa tabbatacciyar manufar ƙasa ta kawar da wariyar launin fata a fagen ilimi. Jami'ar ta soke wannan doka tata a 2000, gatan kuma bai dawo mata ba sai a 2017.

Tarihin Scientology da hukumar haraji ya fi waɗannan sarƙaƙiya, kuma shi ne ya sa na ce damuwarka tana da tushe. An taɓa janye mata wannan gata. A 1967 hukumar ta soke matsayin babban cocinta na jihar Kalifoniya bisa hujjar cewa kuɗin cocin yana amfanar wanda ya kafa ta, L. Ron Hubbard, da iyalinsa, kuma kotun haraji ta tabbatar da hukuncin a 1984. A tsakanin waɗannan shekaru ne aka gano cewa wasu jami'an ƙungiyar sun kutsa ofisoshin gwamnati, ciki har da na hukumar harajin kanta, suna kwafe takardu a ɓoye, har aka sami mutum 11 da laifi, cikinsu akwai matar Hubbard. A 1989 kuma, a shari'ar Hernandez, Kotun Ƙoli ta ce kuɗin da mabiya ke biya a kan farashi tsayayye domin zaman gyaran ruhi da ƙungiyar ke gudanarwa ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda, don haka ba gudummawa ba ce da za a cire daga haraji. Duk da waɗannan nasarori a kotu, a watan Oktoba na 1993 hukumar ta sauya matsayi, ta amince da cocin da rassansa, bayan shekaru da ƙungiyar da mabiyanta suka shafe suna shigar da ita ɗimbin ƙararraki. An yi yarjejeniyar a asirce, jama'a ba su ga abin da ta ƙunsa ba sai a ƙarshen 1997 da jaridar Wall Street Journal ta bankaɗo ta, inda aka ga cewa ƙungiyar ta biya dala miliyan 12.5 tare da janye ƙararrakin. Ko da a ce hukumar tana da hujjoji masu ƙarfi, kamar mutuwar Hubbard a 1986 da sauye-sauyen da aka yi wa tsarin cocin, ɓoye su da ta yi ya bar zargin da har yau bai gushe ba, cewa gajiya da shari'a ce ta sa ta miƙa wuya.

Abin da ke hana a sake duba lamarin cikin sauƙi yana cikin dokar kanta. Sauran ƙungiyoyin agaji a Amurka wajibi ne su cike fom mai lamba 990 duk shekara, su bayyana abin da suka samu da abin da suka kashe da albashin manyan jami'ansu, kuma kowa yana iya neman ya karanta. Majami'u da masallatai da sauran wuraren ibada an ɗauke musu wannan nauyi. Haka kuma tun 1984, sashe na 7611 ya hana a fara binciken wurin ibada sai wani babban jami'in ma'aikatar kuɗi ya rubuta dalilan da suka sa yake ganin akwai saɓa doka. An yi wannan ne domin kare masu ibada daga cin zarafin hukuma, manufa ce mai kyau, amma sakamakonta shi ne ƙungiyar da ta fi kowa dukiya tana iya zama wadda ba a san komai game da asusunta ba.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya dabam. A 1999 hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales ta ƙi yi wa Scientology rajista, domin ba ta gamsu cewa ayyukanta suna amfanar jama'a baki ɗaya ba. A Faransa wata kotu ta sami wasu rassanta biyu da laifin damfara cikin tsari a 2009, kuma babbar kotun ƙasar ta tabbatar da hukuncin a 2013. To amma ita Faransar ce ta nuna haɗarin da ke cikin mayar da haraji makami, lokacin da ta ɗora wa Shaidun Jehobah harajin kashi 60 cikin 100 a kan gudummawar mabiyansu, har sai da kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta yanke a 2011 cewa an tauye musu 'yancin addini. Wannan darasi ya shafi kowane mai addini da ke zaune cikin marasa rinjaye, domin ikon da aka ba gwamnati ta hukunta ƙungiya saboda jama'a sun tsane ta ba zai tsaya a kan ƙungiya ɗaya ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A ganina, ba daidai ba ne a janye gatan don kawai ƙungiyar ta yi ƙaurin suna, ko don koke-koken jama'a sun yi yawa, musamman da yake cocin yana musanta zarge-zargen tsofaffin mabiyansa. Amma kuma ba daidai ba ne yarjejeniyar 1993 ta zama hukuncin har abada. Zarge-zargen da ka ji iri biyu ne, kuma kowanne yana da ƙofarsa. Waɗanda suka shafi tsare mutane ko tilasta musu aiki ko damfara na masu gabatar da ƙara ne da kotunan laifuka, kuma rigar addini ba ta kare kowa daga gare su. Waɗanda suka shafi inda kuɗi ke tafiya, da amfani da dukiyar coci wajen jin daɗin shugabanni ko muzguna wa masu suka, su ne na hukumar haraji, kuma shaidar mutanen da suka riƙe manyan muƙamai a cikin ƙungiyar ta isa ta sa a buɗe bincike bisa sashe na 7611. Idan binciken ya tabbatar da su, a janye gatan kamar yadda aka yi a 1967, a kuma bayyana wa jama'a dalilan. Ita kuwa majalisar dokokin tarayya, gyaran da ya rage mata shi ne ta wajabta wa duk wurin ibadar da kuɗin shigarsa ya haura wani adadi ya riƙa bayyana asusunsa duk shekara, ko coci ne ko masallaci ko wurin ibadar Yahudawa, kamar yadda sauran ƙungiyoyin agaji ke yi.