Littafin wa za a bi wajen tantance furen Hieracium?

Malam, tambayarka ita ce littafin wa za ka bi, tunda masana sun saɓa kan sunayen Hieracium, wato wani rukunin tsirrai masu yawanci rawayan fure. Yawancin tsirran nan suna yin iri ba tare da barbara ba, shi ya sa kowace zuriya ke fitowa sak uwarta. Zahn, masanin tsirrai Bajamushe, tsakanin 1921 da 1923, ya dunƙule zuriyoyin nan cikin manyan jinsuna. Sell da Murrell kuwa, masana tsirrai na Birtaniya, a 2006, sun rarraba su zuwa ƙananan jinsuna, suka lissafa sama da 400 a Birtaniya da Ireland kaɗai.

Bi tsarin ƙasar da ka tsinko tsiron: na Zahn a Jamus, na Sell a Birtaniya. Kada ka gauraya su a jeri ɗaya, ƙidayarka za ta lalace. Rubuta sunan marubucin da shekarar a takardar samfurin, ka adana ganyen gindi. Tsiron da ke yaɗo a ƙasa kuwa, fara duba shi a ƙarƙashin Pilosella, rukunin tsirrai makusancin Hieracium.