Da gaske ne ana yin bandeji da masara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne ana sarrafa masara ta zama bandeji mai kashe ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne, sai dai galibin aikin yana ɗakin bincike tukuna.

A cikin ƙwayar masara akwai furotin da ake kira zein. Ba ya narkewa a ruwa, sai a giyar asibiti mai ɗan ruwa. Ana zuba narkakken a sirinji, a haɗa allurar da lantarki na dubban volt, sai ya riƙa fita siriri kamar yanar gizo-gizo, ya taru a faranti ya zama kyalle. Kaurin silin gashinka ya ninka na zaren sau ɗari ko fiye.

Tun kafin a kaɗa shi ake gauraya man kanumfari ko sinadarin kurkur. Man kanumfari yana lalata bangon ƙwayar cuta, kuma zaren na sakinsa kaɗan-kaɗan, iska tana ratsawa. Matsalar kyallen ita ce danshi, domin yakan kumbura ya lalace in ba a ƙarfafa shi ba.

Don Allah kar ka barbaɗa garin kurkur na kasuwa a buɗaɗɗen ciwo, musamman in kana da ciwon suga. Je asibiti a wanke maka.