Tambaya da Amsa: Shirya Mashin Don Doguwar Tafiya

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, yadda za a shirya mashin ya ɗauki hanya mai nisa, kuma ban yi mamaki ba, tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya sa mutane da yawa sun koma ɗaure kaya a bayan babur su kama hanya. Guda huɗu na ɗauko.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni matashi ne a Rigasa, Kaduna, ina da Bajaj Boxer shekararsa biyu a hannuna, inaso in riƙa zuwa Jos da shi duk wata wajen iyayena, wani lokacin kuma Kano sarin kaya. Bakanike na yace in canza sifiroket, in huda salansa ya buɗe, in ƙara fitilu huɗu a gaba. Dan Allah wanne zan fara?

Amsa: Ƙanina Allah ya yi albarka da zumunci. Gaskiya a cikin ukun nan babu wanda zan ce ka fara da shi, fara da abin da ke taɓa ƙasa da abin da ke tsayar da kai, wato taya da birki da sarƙa, sai bakin mai. Sauran duk daga baya ne. Amma bari in bi maka su ɗaya bayan ɗaya tunda ka tambaya.

Maganar sifiroket, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, bakanikenka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa maka. Idan na gaba haƙora 14 ne ka sa mai 15, injin zai rage juyi da kusan kashi 7 cikin 100 a gudu iri ɗaya, kukan ya ragu, karkarwar da ke kashe hannu ta ragu, mai ma ya ɗan yi auki. A hanyar Kano wannan daɗi ne, domin daga Kawo ka wuce Jaji ka faɗa Zariya har Kwanar Ɗangora da Kura zuwa Kano, wajen kilomita 230 ɗin nan kusan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Toh amma kai Jos kake zuwa duk wata. Da ka karya a Mararraban Jos ka wuce Pambegua da Saminaka ka doshi Jengre, hawa ake yi, Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, ga kaya a bayanka, ga injin ɗinka ɗan cc 100 ne kawai, abin da ka samu na sauƙin gudu a shimfiɗa shi za ka biya a hawan dutse, za ka ga kana ta sauko da giya kana murɗa totur mashin yana nishi, kuma a nan ne kulochi ke cinyewa. Ni da nine kai zan bar shi yadda kamfani ya yi shi. In kuma sarƙar ta gaji ne, ka canza ta tare da sifiroket ɗin gaba da baya gaba ɗaya, kar ka ɗora sabuwar sarƙa a kan haƙoran da suka lanƙwashe kamar ƙugiya, ba za ta daɗe ba ta miƙe. Ka kafa mashin a kan jak ɗinsa ka tura sarƙar da yatsa a tsakiya, motsinta sama da ƙasa ya kasance wajen santimita 2 zuwa 3, ba ɗaure tamau ba, ba kuma tana dukan murfi ba. Mai kuma ka shafa mata duk bayan kamar kilomita 500, da damina ma kafin haka.

Salansa kuwa wallahi kar ka taɓa shi. Ƙara ce kawai za ka saya. In ka huda shi ba a sake saita kafireto ba, iska ta fi mai yawa a cikin injin, zafi ya ƙaru, bawul ya fara ƙonewa, kuma awa biyar wannan ƙarar tana dukan kunnenka za ka isa gida kanka na sarawa.

Fitila ita ce ke da hujja, amma ba huɗu ba. Wutar da koyil ɗin ƙaramin mashin ke bayarwa kaɗan ce, in ka jera masa fitilu ga cajar waya ga rediyo, batir zai riƙa mutuwa ka rasa dalili. Guda ɗaya mai kyau ta LED ta wadatar, a ja mata waya daga batir ta bi ta fis, a naɗe haɗin da kyau. Na taɓa ganin wani a Panteka an buɗe murfin gefen mashin ɗinsa, wayoyi an murɗe su da hannu an ɗaure da ledar biredi, robar jikinsu ta narke ta manne da firam, tazararsu da tiyon fetur bai kai kamu ɗaya ba. Abin ya tsaya min a rai. Sannan ka saita ta tana kallon ƙasa kar ka kashe wa mai zuwa ido. Kuma ko fitilarka ta kai rana haske, ka tsara tafiyarka ka isa kafin magariba, kai ma ka san halin da hanyoyinmu ke ciki.

Tambaya: Oga, na yi juye da bakin man mota da ya rage wa yayana, mai tsada ne sosai. Tun daga nan in na ja totur injin ya yi ta kuka amma mashin baya tafiya yadda ya kamata. Ko injin ne ya buga? Daga mai bibiyarku a Tudun Wada.

Amsa: Ɗan uwa kwantar da hankalinka, in sha Allahu bai buga ba, kulochi ne ke zamewa. A mota kulochi daban yake a bushe, bakin mai baya zuwa wajensa. A yawancin babura kuwa injin da giya da faifan kulochi duk a cikin mai ɗaya suke wanka. Man mota na zamani akwai wanda ake zuba masa sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, shi ne in ya shiga faifan kulochi sai su kasa kama juna. Je ka a juye shi yau, ka sayi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan, kaurinsa kuma ka bi abin da littafin mashin ɗinka ya ce, ƙananan nan da yawa 20W-50 suke sha. In bayan kwana biyu uku bai daina ba toh faifan sun sha man sun yi sulɓi, sai an canza su, ba wani babban kuɗi bane. Ka guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba ka san me aka haɗa ba.

Tambaya: Salam. Ina da babban mashin na tafiye-tafiye, sabuwar tayarsa tsada take kamar me. An kawo min ta gwanjo, zanenta bai ci ba ko kaɗan. In saya? Daga wani Alhaji a Barnawa.

Amsa: Ranka ya daɗe, zane ba shi kaɗai ake dubawa ba, shekaru ake fara tambaya. Ka duba gefen tayar wajen da aka rubuta DOT, a ƙarshen rubutun akwai lambobi huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, in ta wuce shekara biyar sai an yi mata kallon tsanaki, in ta kai goma kam ko kyauta ce a bar ta. Ka danna farcenka a jikinta, in ta yi tauri kamar itace ko ka ga ƙananan tsagu a cikin ramin zanen, ka mayar musu. Busasshiyar taya a kwalta mai zafi za ta yi kamar lafiya lau, ranar da ruwan farko ya sauka ya taso da man da ya kwanta a titi ne za ta nuna halinta, kuma babur ƙafa biyu gare shi, in ɗaya ta zame babu mai tare ka. Iska kuma da safe ake aunawa taya na sanyi, da geji, ba da dukan ƙafa ba, kuma in za ka ɗauki mutum ko kaya ka ƙara wa ta baya yadda aka rubuta a jikin mashin.

Tambaya: Malam me ya kamata in riƙe a jaka, kuma ina ya fi dacewa in ɗaure kaya? Gashi hunturu ya kusa. Daga ɗalibi a Kawo.

Amsa: Ɗana, kayan nauyi su zauna ƙasa-ƙasa kusa da bayanka, ko a jakunkuna biyu hagu da dama nauyinsu ɗaya. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a je wajen mai walda ya tsawaita kariya ta wuce tayar baya a lafta mata buhu, sai gaban mashin ya yi sakayau, kan yana rawa in tirela ta wuce ka, birkin gaba ma baya kamawa sosai. Ka ɗaure da roba mai kyau ka tabbata babu bakin igiya ko gefen riga da ke lilo kusa da sarƙa.

A jaka ka sa fulogi sabo da sifanarsa, sifana 10 da 12 da 14 da wacce ke kwance tayar baya, filaya, sukudireba, tib ɗaya, kayan faci da ƙaramin famfo, wayar kulochi, da mahaɗin sarƙa, ɗan abu ne kamar ƙwayar gyaɗa biyu amma in sarƙa ta tsinke tsakanin Pambegua da Saminaka shi ne zai kai ka gari. Takardun mashin da lasin a leda, saboda 'yan KASTLEA, wato jami'an kula da dokokin hanya na Jihar Kaduna, da na Road Safety. Hular kwano mai rufe haɓa, ka ɗaure igiyarta, da safar hannu da takalmi rufaffe.

Hunturu kuwa matatar iska yake ci. Ƙurar nan in ta toshe ta mashin zai riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi, in kuma ta yage ƙura ta shiga ta cinye ring da fistin. In ta soso ce ka wanke ta da kananzir ko ruwan sabulu duk sati biyu, ta bushe sarai, ka ɗiga mata bakin mai kaɗan ka matse. In ta takarda ce ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi ko a canza. Ka cika tanki a gidan mai kafin ka bar Kaduna don kar ka koma hannun 'yan bumburutu a hanya, kuma duk bayan awa ɗaya da rabi ka tsaya a inuwa minti goma, ka sha ruwa, ka zagaya mashin ka taɓa notunan taya da na kariya kafin ka ci gaba.